Kada Ka Sa Mesar Fetur a Bakinka

Sabon Gari, Gusau

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kaduna lafiya, Ya sa ka shiga makarantar nan a sa'a, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gari da sharrin abokin da zai zo maka da fara'a. Innarku tana gaishe ka, yayarka Hadiza ma haka.

Ranar da na kai ka tasha ka ga na yi ta faɗa da ɗan kamasho a kan inda za a ɗaure akwatinka. Ba akwatin ne ya dame ni ba. Magana ce cike da bakina na rasa ta inda zan fara, kuma ka san halina, in abu ya tsaya mini a rai sai na nemi wanda zan sauke wa masifa. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, tunda takarda ba ta katse mutum, kuma ba ta ganin idonsa in ya kawo ruwa.

Ga abin da ke damuna. Gidan Kawu Ɗanjuma za ka zauna, ƙanen innarku, mutum mai kyauta da son zumunci, ban taɓa ƙin sa ba. Amma tun da wahalar man nan ta yi tsanani ya rufe shagonsa ya koma bumburutu, yana sayar da fetur a jarka a bakin titi. Direbobinmu da ke zuwa Kaduna sun gaya mini cewa a shagon zauren gidansa yake tara jarkokin, kuma shagon nan ne ya ce ya gyara maka. Na tura ka koyon aikin lantarki don ka yi nesa da fetur, sai ga shi na kai ka da hannuna inda za ka kwana da shi ka tashi da shi. Tsoro nake ji, Nura. Ina tsoron wuta, kuma ina tsoron ranar da kawunka zai miƙa maka mesa ya ce ka taya shi, ka ji daɗin abin da ake samu, karatun ya bi ruwa.

Ba zan yi maka wa'azi ba, ni ba malami ba ne, direban kiya-kiya ne da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su kam ina da su da yawa, bari in zaɓo maka.

Ka tuna keken Hadiza. Tun da shan inna ya taɓa mata ƙafafu, da hannu take juya keken nan, har tafin hannunta ya yi kanta irin na manomi. Kai kuma ka bi gareji ka roƙo injin waifa mai share gilashi na wata matacciyar mota, ka haɗa da sarƙar keke da 'yan wayoyi, ka ɗauko tsohon batirin da na ajiye a ƙarƙashin kujerar motata. Ranar na wuni a layin gidan mai, da layi ya kusa zuwa kaina aka ce man ya ƙare. Na shigo lungu raina a ɓace, sai na hango Hadiza tana tafe a kekenta, hannuwanta biyu a kan cinya, yaran unguwa suna bin ta a guje, tana dariya har da hawaye. Maimakon in tsaya in duba, sai idona ya faɗa kan batirin.

Na ce, "Wa yab ba ka batirina?"

Ka ce, "Baba, duba ka gani. Tana tahiya ba ta tuƙi. Ba mai, ba hayaƙi."

Na ce, "Ba mai, ba hayaƙi, ba hankali. Kwance man shi yanzu."

Ka kwance. Hadiza ta mayar da hannunta kan abin juyawa ta koma gida a hankali. Batirin kuwa na mayar da shi ƙarƙashin kujera, ya zauna can har ya mutu murus ban yi amfani da shi ba, don motar ma a layi take kwana. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau. Saboda haka in wani babba ya yi wa aikinka dariya a can, ko malami ne ko kawunka, ka sunkuyar da kai yadda aka koya maka, amma kada ka bar aikin. Sau da yawa mai tsawa ba da kai yake ba, wani abu ne ya ci shi a waje ya shigo da shi. Kai ma in ka girma, kada ka yanke wa abu hukunci ranar da ka dawo da fushi.

Abin haushin shi ne na san abin yana yiwuwa. Lokacin da nake ɗaukar ma'aikatan masaƙa, na sha shiga rumbun auduga in ga wata 'yar mota mai ƙahoni biyu tana ɗaga diloli. Da batir take aiki, domin auduga ba ta son tartsatsin salansa. Tana wucewa ta gabanka ba ka jin komai sai 'yar ƙara siririya, mai tuƙa ta yana hira da na ƙasa ba tare da ya ɗaga murya ba. In an tashi aiki sai a jona ta da bango, gobe ta tashi da ƙarfinta. Ba juyen mai, ba wankin fulogi, ba kafireta da za ta toshe. Na gani da idona, amma na ɗauka abin Turawa ne da masu kamfani, ban taɓa kawowa ɗan cikina zai yi irinsa a lungunmu ba.

Ka tuna kuma ranar da muka ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe an fara ƙera motocin hawa masu batir. Ka daka tsalle, ni kuwa na taɓe baki na ce da wace wutar za a cika su, wannan da ake kawo mana kamar ana ba mu aro? Sai ka ce in tuna firijin allurar rigakafi da ke ƙaramin asibitin Magami, garin da ko turken waya babu, faranti ne a kan rufi yana zuƙar hasken rana. Ka ce, "Baba, rana dai ba a yi mata layi." Na ce ka cika surutu, ka tashi ka ɗebo mini ruwa. To, yau na yarda gaskiyarka ce.

Na yi ta tuna maganar nan a layi, domin layi wurin tunani ne ga wanda ba shi da abin yi. Tun da aka ba mu jiharmu muka ce wahala ta ƙare, ashe mai ne zai riƙe mu a wuya. Na ga wata tsohuwa daga ƙauyen Wanke zaune a kan kwandunan tumatirinta a bakin hanya, ba motar da za ta kai su kasuwa, har suka fara ruwa a ƙarƙashinta. Na ga an ɗauko mara lafiya a amalanken shanu daga wani ƙauye bayan Tsafe, saboda mai motar garin tankinsa a bushe yake. Ni kaina bara ruwan shuka ya sauka ina layi, gonar kakanku ta Bungudu sai da kowa ya gama aka shuka ta, geron bai yi abin kirki ba. Abinci yana nan, mutane suna nan, hanya tana nan, amma duk an tsaya cak ana jiran tankar da za ta taso daga wata uwa duniya. Sai in ce a raina, da motata irin wadda yaron nan yake faɗa ce, da ranar da ke ƙona mini ƙeya a layin nan ita ce za ta kai tsohuwar nan kasuwa. Ban san ko zan ga wannan zamani ba, ban ma san ko kai za ka gan shi ba. Amma in zai zo, sai da masu sanin waya da batir, ba da masu jarka ba.

Yanzu maganar mesa. Ina saurayi aka koya mini, kuma har alfahari nake da ita. Ka zura kai ɗaya a tanki, ka kai ɗayan bakinka, ka zuƙa har ka ji man ya taho, ka cire da sauri ka kara a galan. Gwani shi ne wanda ba ya ƙwarewa, amma ƙarya ne, babu wanda bai taɓa haɗiya ba. In mutum ya haɗiya sai 'yan'uwa su yi dariya su ce a sayo masa madarar gwangwani, wai tana kashe dafin. Na sha madarar nan ba adadi, na wuni ina gyatsar fetur, in koma gida innarku ta kawar da kai in na yi magana. Da sanyin safiya kuma mukan tsaya a bayan salansa muna ɗumama ƙafa, hayaƙin yana shiga mana hanci, muna hira abinmu. Tasha cike da baƙin hayaƙi, masu ƙosai suna suya a ciki, mata da goyo suna jiran mota a ciki, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Tarin nan da kake ji ina yi, wanda nake ce muku sanyi ne, ba sanyi ba ne. Na je asibiti bayan Sallah, likita ya daɗe yana sauraren ƙirjina, ya tambaye ni ko ina shan taba. Na ce ban taɓa kai ta bakina ba. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa, ya gyaɗa kai ya ce madara ba ta wanke huhu. Yanzu in na hau tudun bayan masallaci sai na tsaya na huta, ni da nake tura kiya-kiya ni kaɗai in ta mutu. Kada hankalinka ya tashi, ina shan magani, kuma ina fita aiki. Na faɗa maka ne don ka san farashin abin. Kada ka sa mesar fetur a bakinka, ko sau ɗaya, ko don gwaji, ko don a ce kai namiji ne. Sau ɗayan nan shi ne mai wuya, na biyu da kansa yake zuwa.

Akwai kuma abin da na yi wa fadamar kakanku. Duk in na kai fasinja Bungudu nakan gangara bakin gulbi in wanke mota, in kwance baƙin mai in bar shi ya tsiyaye a gefen fadama, don in huta da biyan bakanike. Wata rana marigayi ya same ni a kai. Bai ɗaga murya ba, ya dai nuna wurin da sandarsa ya ce, "Wanga wuri albasa nika sawa tun ba a haihe ka ba." Na ce ruwan sama zai wanke. Ruwa ya zo ya tafi shekara da shekaru, wurin yana nan ƙwal, ko ciyawa ba ta fitowa, ka san shi, inda kuke buga ƙwallo in mun je. Wannan ya shafe ka kai ma, kada ka ɗauka don ka bar fetur ka tsira. Ruwan batir yana cin fata yana cin riga, ya makantar da mai cajin batir na bakin kasuwa ido ɗaya. In batir ya mutu a hannunka kada ka fasa shi ka zubar a kwata, ko kusa da rijiya, ko inda awaki ke kiwo. Ka tambayi malamanku yadda ake yi da shi, in ba su sani ba ka dame su har su nemo. Kuma don Allah kada ka taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, na san ka da gaggawa in abu ya ɗauke maka hankali.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Ka san labarin gobarar gidanmu, duk unguwa ta sani, amma kana ƙarami a lokacin, kana Bungudu wajen kakarka, kuma ni ban taɓa zama na ba ka shi da bakina ba. Wata wahalar mai ce aka yi kafin wannan. Ranar kasuwar Tsafe na sami wani yana sayar da fetur a bayan tasha, na cika tanki, na cika jarkata, ya rage kaɗan ba inda zan zuba. A motar akwai galan ɗin kananzir na innarku da ta ba ni in sayo mata ban samu ba. Na ce a juye mini sauran a ciki, ai in na isa gida zan faɗa mata. Na iso a gajiye, na ajiye shi a inda take ajiye shi kullum, bayan ƙofar ɗaki, na ci tuwo na kwanta. Da asuba na fice neman fasinja, ban faɗa ba.

Da hantsi ta ɗauko galan ɗinta ta zuba a risho ta ƙyasta ashana. Ina tasha aka zo aka ce in yi maza. Kafin in iso maƙwabta sun kashe wutar, rabin ɗakin ya tafi. Innarku ta riga ta fito tsakar gida lafiya lau, sai ta tuna Hadiza tana kan tabarma a ciki, ba ƙafar gudu. Ta koma ta ratsa ƙofar tana ci, ta rufe ta da zane ta sungumo ta. Hadiza ko ƙwarzane ba ta yi ba. Hannun innarku na dama kuwa ka san yadda yake, daga yatsu har gwiwa, shi ya sa take daka da hagu, shi ya sa ba ta ƙunshi ko da Sallah. Har yau ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Galan ɗaya ke nan, Nura, bai ma cika ba. Kai kuwa an ce jarkoki ne jere a inda za ka shimfiɗa tabarma. Kuma na san ka, ba za ka zauna ba ka haɗa waya da batir ba, ga fitilar karatu, ga abokan kawunka masu shigowa da sigari a baki. Tartsatsi ɗaya ya isa. Fetur ba sai an taɓa shi yake kamawa ba, tururinsa ne ke cika ɗaki yana jira.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Da aka fara maganar masaukinka na ce wa innarku a nema maka ɗakin kwanan makaranta. Ta ce, "Malam, ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗana ba shi kwana wani wuri shina da kawu cikin gari. Mi mutane ka cewa?" Na bar maganar, domin gaskiyarta ce ta wata fuskar, kuma ni ba zan iya buɗe baki in ce wa surukina gidansa bai yi mini ba. Kai ma mun tarbiyyantar da kai a kan cewa yaron da ke cin tuwon babba ba ya ce masa a'a. In kawunka ya ce ɗauko jarka, jikinka zai ɗauko tun kafin ka yi tunani. In ya ce zuƙo mini, kunya za ta sa ka zuƙa. Ladabin da na koya maka da kaina, shi nake tsoro yanzu.

Na yi niyyar in rubuta maka cewa ka jingina laifin a kaina, ka ce babanka mutum ne mai taurin kai kuma ya hana. To jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida da takardar nan a cinya, innarku tana tankaɗe, sai ta ce in karanta mata abin da nake ta rubuta wa ɗanta tun safe. Na so in tsallake wasu wurare, ta ce in karanta duka. Na karanta. Da na zo kan gobarar ta ajiye rariya. Da na kai ƙarshe ta ce in koma in maimaita mata wurin shagon zaure da jarkoki, domin ashe ita ba ta san a nan ake tara su ba, ta ɗauka a bakin titi suke kwana. Ni kuwa na shirya jin faɗa, don na taɓa ɗan'uwanta.

Sai ta ce, "Ɗauki alƙalamin. Rubuta mashi ni nac ce, ba kai ba. Ran da takardag ga tas same shi, shi kwashe kayanai shi koma makaranta, ko a baranda za shi kwana. Shi dinga zuwa gaida kawunai ran Juma'a, shi ci abinci, shi yi mashi kowane aike, amma ban da jarka, ban da mesa. In Ɗanjuma yay yi hushi, shi hau mota shi zo Gusau, ni ka ba shi amsa. Hannu guda ar rage man, kuma Kaduna ta yi man nisa, ba ni iya shiga in ɗauko shi."

Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, ni ne na kasa ci gaba da rubutu sai yau da safe.

Saboda haka ka ji. Ba shawara ba ce, umarnin mahaifiyarka ne, kuma ka san abin da ya ci mata kafin ta faɗe shi. Ka je wa kawunka da ladabi, ka durƙusa, ka gode masa, ka faɗa masa saƙon yayarsa, ka ɗauki akwatinka a ranar. Direban da ya kawo maka wannan takarda zai dawo Gusau jibi, ka ba shi amsa ko layi biyu ne, ka faɗa mana inda ka kwana. Har sai ta iso, mu biyun nan ba mai sukuni a cikinmu.

Allah Ya tsare ka daga wuta, ta duniya da ta lahira. Allah Ya buɗe maka ƙirji ka fahimci abin da ka je nema, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri, Ya sa hannunka ya zama mai amfani ga mutanen da ka bari a gida. Allah Ya kiyaye kawunka shi ma, Ya musanya masa da sana'ar da ta fi wannan. Allah Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba Direba